Yauƙi a Cikin Tiyo

Shekara goma sha ɗaya nake kwana da injin nan
a bakin gonakin Jiratawa.
Na san tarinsa, na san nishinsa
fiye da munsharin ƙanena.

Ruwa ba ya tafiya salin-alin a tiyo.
Manna kunnenka da ƙarfen ka ji,
faɗa ake yi a ciki.
Wani ya yi gaba, wani ya waiwayo,
wani ya kama bango yana gurzawa,
kamar ƙofar kasuwar Maradi ana jajibirin salla,
kowa da kayansa, hanya ɗaya.
Kuran da muka saya da kuɗin albasa
nan yake ƙarewa, a gardama.

Ran nan Barira 'yar Nomau ta zo hutu
da farin gari a kwalba.
Ta auna ɗan kaɗan, ko gishirin miya bai kai ba.
Na ce, wannan ga ruwan da zai shayar da kadada?

Ta ce, Baba Tsahiru, zare ne,
dogo, ido ba ya ganinsa.
In ya jiƙa sai ya miƙe bin tiyo
ya hana ruwa juye-juye.
Amma bayan injin ake zuba shi,
don fuka-fukan ƙarfe tsinka shi suke.

Na ce, ashe kuɓewa ce.
Ta yi dariya, ba ta musa ba.

Inna ta san wannan ba ta je lakwal ba.
Tuwon dawa in ya kwana ya yi tauri,
ba duka take wa yaro ba,
yauƙi take ƙarawa,
loma ta wuce maƙogwaro bai sani ba.

Muka tsaya gaban allura.
Ta yi rawa, ta yi rawa, ta sauka kaɗan.
Can ƙarshen layi, fegin Mijinyawa
da ruwa ke isa a gajiye bayan la'asar,
sai ga shi tun hantsi.
Shi ko bai yi murna ba tukuna.
Ya ce sai ya ga abin da tumatir zai ce.
Barira ta cika kwalabe uku, ta rubuta kwanan wata.

Ni dai yanzu barci ke ƙi mini.
Injin ya rage murya,
na saba da kukansa.
Tsakar dare nakan tashi da tocila,
in manna kunne da tiyo,
in ji ruwa na wucewa
ba ya ce wa kowa komai.