Mai Ƙirga Itatuwa

Ni ne Lirong ɗan Usat,
na dogon gidan katako a tsaunukan Borniyo,
rufi ɗaya, ƙofa arba'in da bakwai.
Kamfani ya ba ni hular kwano da jan fenti,
ya ce in ƙirga duk abin da zai kwana ƙarƙashin ruwa.

Na ƙirga roba, na ƙirga ayaba.
Itacen duriyan da kakana ya dasa
shekarar da aka haifi babana,
na rubuta masa ringit talatin.
Alƙalami bai yi gardama ba,
hannuna ne ya ɗan yi rawa.

Yayata Bungan tana kan hanyar manyan motoci,
ita da tsofaffi sun gicciya gungume,
wata bakwai ke nan suna dafa shinkafa cikin gora.
'Yan sanda sun zo sau uku.
A zuwa na uku, ni ke gaban mota ina nuna kwana.
Wanda ya ci ladan kuturu, ai sai aski.
Tun ranar ta ajiye sunana,
"ma'aikaci" take cewa in ta ga ina wucewa.

Mai garinmu ya sa hannu a wani otal na birni,
ya dawo da agogo da sabon injin kwalekwale.
Yanzu rabin baranda ba ya gaida rabi.
Ko a coci, ana rera waƙa ɗaya
amma an bar benci biyu a tsakiya babu kowa.

Wutar, in ji injiniya, ta masana'antun bakin teku ce.
Mu namu gidan bulo ne, da eka uku, da mita.
Mita!
Mai kogi a ƙofar ɗaki
zai jira famfo ya ga dama,
ƙarshen wata a miƙo masa takardar biyan ruwa.

Jiya na isa makabarta.
Na duba takardar sama da ƙasa,
akwai gurbin kaji, akwai na rumbu,
babu gurbin matattu.
Inna ta biyo ni da sandarta, tana haki,
ta ce, "To, nawa ka rubuta wa ubanka?"
Ban amsa ba. Fenti ya bushe a buroshi
har kan na lura rana ta kusa faɗuwa.

Da dare na ɗauki gishiri da kifi busasshe,
na ajiye kan gungumen nan.
Bungan ba ta ɗago ba.
Ta dai gusa kaɗan a tabarma,
gurbin bai kai na mutum ba, bai kuma gaza ba.

Gobe Litinin.
Kuɗin makarantar Uding bai cika ba,
saura itace ɗari huɗu a hayin kogi,
ga hular can a ƙusa
tana kallona, ina kallon ruwa.