Dutsen Washi a Suwame

Istifanus, ajiye wayar nan,
zo ka riƙe mini wannan ƙarfen.
Gobe da asuba za ka hau motar Ankara,
ɗakin haya a Nima, aiki a kamfanin kwalabe.
Uwarka ta ƙulle maka gari da yaji.
Nawa guzurin ba ya shiga jaka.

Shekara talatin da ɗaya ina Suwame,
tsakanin injin da ya mutu da wanda ake tayarwa,
ban taɓa ganin wuƙa ta yi kaifi a jikin soso ba.
Ƙarfe ke cin ƙarfe, tartsatsi ya tashi.
Tun kana ajin Lahadi ake karanta muku haka,
ni sai da na zubar da jini na gane.

Shekarar da aka ba ni gyaran motoci bakwai,
aljihuna ya yi nauyi, bencina ya cika.
Akwai Ishaku mai dariya kafin in gama magana,
akwai Kwabena mai kirana Oga tun daga bakin titi.
Kowace yamma muna Kurofurom,
ni ke biya, su ke yabo.
Yabo kuwa kamar bakin mai ne, ɗana:
yana sa komai santsi,
har ƙasan da kake tsaye a kai.

Barnaba Atinga kaɗai bai zo ba.
Ran wata Talata ya tsaya a kaina, hannunsa duk giris,
ya ce, "Ka wanke tsohon birki ka karɓi kuɗin sabo.
Motar nan rai goma sha takwas take ɗauka.
Wa za ka gaya wa, in ta gangara Mamfon?"
A gaban yarana ya faɗa.
Wata takwas ban gaishe shi ba.
A coci na canja kujera,
in an ce a ba juna hannun salama
sai in duƙa ina gyara takalmi.
Birkin dai na kwance shi da dare, ba wanda ya sani.

Sai ranar da faifan yanka ya fashe.
Dubi nan. Yatsu biyu.
Kwana goma sha tara a babban asibiti.
Ishaku ya aiko gaisuwa ta bakin wani yaro.
Kwabena ya zo sau ɗaya, neman makullin shago.
Barnaba kuwa, kullum kafin gari ya waye,
ga shi da koko da ƙosai a leda,
ya zauna, ya yi shiru, ya yi addu'a gajeriya,
ya tafi ya buɗe shagona kafin nasa.
Ina ta jira ya ce, "Ai na gaya maka."
Har ya mutu bara bai faɗa ba.

To, ba zan ce ka guji mutane ba.
Ci da kowa, gaida kowa, Zango ba ta son mai ɗaure fuska.
Amma ƙofar ciki, inda kake ajiye kunyarka,
kada ka ba mai saurin fushi makullinta,
ko wanda ya kawo maka sirrin wani da zafinsa,
naka ne zai kai gaba.
Duba wanda bai ji tsoron ɓata maka rai ba
don ya ji tsoron Allah.
Kuma ka roƙa kafin ka zaɓa.
Ubangijinmu ma kwana ya yi kan dutse yana addu'a
kafin ya kira nasa,
duk da haka cikinsu akwai mai sumba.
In an cuce ka, ba kai ne farau ba.

Ga sifana mai lamba goma sha bakwai.
Ta Barnaba ce, na ara, ban mayar ba.
Sa ta a jakar, ƙarƙashin garin.

Yanzu riƙe ƙarfen da kyau.
Kau da idonka, zan kunna wuta.