Jikar Maƙeri

Kakana Cindo, can Maƙera Asada,
dukan ƙarfe yake har sai ya yi kuka.
Ni kuwa a Dundaye
a bakin cokali nake auna nawa,
bai kai nauyin ƙwayar gero ba.

Farar ƙasa muka dafa ta zama ziyolait,
gari ne a tafin hannu,
gari ne kuma mai lunguna dubu
waɗanda ido bai taɓa shiga ba.
Na jiƙa shi da ruwan ƙarfe ya kwana,
ya wayi gari da launin tsatsa,
kowane lungu da maƙerinsa a zaune.

In dura shi a siririn bututu,
murhu ya hau ɗari biyar da hamsin,
sannan in saki furofen,
iskar nan ta tukunyar girki,
mai girman kai, hannuwanta duk a cike,
ba ta gaisawa da kowa.
A lungu ƙarfe ke tare ta,
ya sauke mata haidurojin biyu,
ta fito furofilin, hannu a sake,
tana neman wanda za ta riƙe.
Daga wannan riƙon ake samun buta,
da igiyar guga, da buhun da ake zuba albasa.

Awa shida layin na'ura yana hawa.
A ta bakwai ya sunkuya.
Malam Modi ya ce injin ne,
na ce a'a, ya ce to wutar lantarki,
muka kwance bututu:
garin ya yi baƙi ƙirin, ƙofofi sun toshe.

Ran Juma'a na kai wa tsoho a ƙullin takarda,
don dai ya ga abin da ke hana ni zuwa.
Ya murza, ya sunsuna, bai tambayi sunansa ba.
"Wanga ai gawayi na, ɗiyata.
Mi kika jira? Ba shi iska."

Shafi arba'in na karanta kafin in san haka.

Asabar na buɗe wa bututu iska,
baƙin ya ci kansa sannu a hankali,
tsatsa ta dawo.
Babu uwar maƙera, babu tartsatsi,
amma ina tsaye gaban murhu
sai na ji kafaɗata tana motsi
kamar ta mai zuga.