Ƙwaya Arba'in a Idi-Araba

Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba ni su a Apapa,
a ƙunshe cikin takardar sigari,
ladan rediyonsa da na gyara.
Ya ce irin murtsunguwa ne,
daga ƙasar da sama ke rowar ruwa.
Na buɗe. Baƙaƙe ne, ko riɗi ya fi su jiki.
Na yi atishawa, uku suka tafi.

Yashi na roƙo wurin magina a bayan layinmu,
na wanke shi sau biyar saboda gishirin teku,
na soya shi a kaskon Ladiyo tana kasuwa.
Ta dawo, ta shinshina kaskon, ta dube ni.
Har yau ba ta ce komai ba,
har yau kuma ba ta manta ba.

Na huhhuda gwangwanayen madara da ƙusa,
na barbaɗa irin a sama, don ba a binne shi,
na rufe da farar leda.
Kwana goma sha biyu ina leƙe
kamar mai jiran albashi.
Ranar wata Laraba sai ga su, koraye shar,
kowanne bai fi kan allura ba.
Goma sha tara.

Garin nan ba ya jiran kowa.
Danfo kan tashi ƙafarka ɗaya na ƙasa,
ciyawa kan fasa bangon gada a dare guda,
takalmi ma, ka bar shi a lungu mako ɗaya,
sai ka tarar ya yi gemu.
Nan na kawo abin da zai shekara
bai kai kan ashana ba.

Kakana ya sha fita roƙon ruwa da riga a juye.
Ga jikansa tsakar dare, ba ko takalmi,
yana gudu da gwangwani a ƙirji
kada ɗigo ya taɓa shi.

Fumfuna ta ci takwas a watan Yuni.
Kyankyaso ya ci biyu.
Ɓera ya kifar da gwangwani mai uku,
na bi ƙasa da fitilar waya har aka kira assalatu.
Ɗaya kuwa ni na kashe shi, da tausayi:
gani na yi kamar yana jin ƙishi.

Baba Lasisi mai gidanmu ya hawo kan bene,
ya duƙa, hannu a gwiwa.
"Ana ci?" Na ce a'a.
"Magani ne?" Na ce a'a.
"To yaushe zai yi fure?"
Na ce mai jirgin ya ce shekara ashirin, in da rabo.
Ya ƙirga furfurata da ido,
ya tuna mini haya za ta ƙaru a Janairu.

Bana shekara shida.
Biyar suka rage, na jera su ƙarƙashin guntun kwano
inda rana ke shiga da hantsi.
Babbansu ya kai goro,
ƙaramin har yanzu yana shawara.
Ban san sunansu na littafi ba,
mai jirgin bai sake zuwa ba,
rediyon ma ƙila ta sake mutuwa.

Jikata Nusaiba ce ta fara shan ƙayar babban.
Ta tsotse yatsa, ta ƙi kuka,
ta ce ai yanzu ya san ta.
Ina koya mata riƙe buta ba tare da ta zuba ba,
ta tsoma tsinke a yashi, ta duba, ta haƙura.
Wannan ya fi ba ta wuya a kan lissafi.

Jiya hadari ya taso daga wajen teku.
Kafin in lalubo tabarau, in dafa gwiwa in miƙe,
na ji ƙafafunta a kan matakala,
tana tsallake bibbiyu.