Abin da Direba Ya Gani

A zauren da ke bayan Ƙofar Ƙaura
an jera kujeru, an lulluɓe su da farin yadi.
Ni ina can ƙarshe, ƙarƙashin fanka mai kuka,
makullin mota a tafin hannuna.
Mai gabatarwa ya karanto tarihinki, Hansatu,
ya ce shugaba, ya ce jaruma, ya ce abin koyi.
Bai yi ƙarya ba.
Sai dai mai ganin tuwo a akushi
bai san hayaƙin murhu ba.

Shekara sha tara nake jan motar gidan rediyo.
Na san ki tun kina ƙaramar 'yar rahoto,
rakoda a jaka, batir a ƙullin mayafi,
kina cin gyaɗa a madadin abincin rana.

Na tuna daminar da ruwa ya cinye gonaki a hanyar Ajiwa.
Na ce, Malama, mota ba ta iyo.
Kika tuɓe takalmi, kika miƙa mini,
kika ɗaga rakoda sama da kai kamar mai tallar fura,
kika ratsa.
Da magariba duk Katsina ta ji muryar tsohon nan
yana ƙirga damman geron da ba zai ɗaure ba.

Na tuna buhun shinkafa.
Ranar da labarin taki ya fita,
wani mai babbar riga ya aiko shi har ofis,
da ambulan a soke cikin ɗinkin baki.
Kika ce, Sabi'u, mayar masa, ka gaishe shi da kyau.
Allah ya sani, a gidana ko tiya ba a auna ba ran nan.
Na tuƙa ina zagin ki a zuci har Ƙofar Marusa.
Yau na faɗa. Ki yafe.

Da aka ba ki kujera, gunaguni ya cika baranda:
wai mace za ta sa hannu a takardar albashinmu?
Ba ki tanka ba.
Janareta ya mutu ana saura minti bakwai labarai,
kika zare kuɗin cefanenki aka sayo gas.
Masu gunagunin su suka riƙe mazurari.

Ba zan ce ba ki da laifi ba.
Harshenki reza ne, jan bironki ba ya jin roƙo,
kin sa Zulai kuka sau uku a kan jimla ɗaya.
Ga Zulai can yanzu, ita ke karanta labaran duniya,
ko numfashi ba ta ajewa inda bai dace ba.
Lantana mai shara, da kika kama tana leƙen na'ura,
yau ita ke haɗa sauti, maza na jiran ta ɗaga yatsa.
'Yata Uwani ta ce aikinki za ta yi.
Na ce, to, ki koyi yunwa da haƙuri,
ki koyi tambaya ta biyu bayan an ce miki a'a.

An tafa. An ɗauki hoto. An raba lemo.
Kika fito da allon gilashi mai sunanki da ruwan zinare,
kika jefa shi kujerar baya kan tsofaffin jaridu,
waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

Sabi'u, tada mota.
Wani ƙauye bayan Kaita, rijiyarsu ta rufta,
mata sun kira, sun ce ba wanda ya zo.

Na ce, Malama, ko zanin bikin ba ki canza ba.
Kika ce, rediyo ne, wa zai gani?

Muka fita, rana na gangarawa bayan Gobarau.
Kowane rami muka faɗa,
lambar yabon nan sai ta yi ƙara a baya,
ke kuwa kina gwada batir.