Jan Ido

Ruwan farko ya sauka Ikorodu daren Laraba,
kwanon rufi ya yi ta surutu har asuba.
Na ce wa Sallau, buɗe garke,
wata uku suna tauna dusa da ɓawon rogo,
yau su ɗanɗana ɗanye.

Ƙarƙashin manyan wayoyin wuta
ciyawa ta tofo kamar an kira ta da suna.
'Yan raguna goma sha bakwai,
baki a ƙasa, raɓa har gwiwa.
Ni na ɗauka arziki ne.

Ashe rani bai kashe komai ba.
Ƙwai ya lafe cikin busasshen kashi
yana jiran abin da nake jira.
Ruwan da na roƙa
shi ya tashe mu tare.

Sati uku, Ɗan Baƙi ya daina tsalle.
Haɓa ta kumbura kamar ya ɓoye ruwa,
bindi ya ɓaci da zawo.
Yana ci, yana ramewa,
wani na karɓe masa rabo a duhu.
Daren Juma'a ya tafi, bai jira wuƙa ba.

Dakta Morenike ta zo a bayan acaɓa,
jaka a cinya, takalmin roba.
Ba ta tambaye ni komai ba,
sai ta ja fatar idon kowanne:
wannan ja, sake shi,
wannan fari fat, riƙe min.
Na ce a ɗura wa duka a huta.
Ta ce, da Hausarta ta Agege,
Baba, in kowa ya sha kullum,
tsutsa za ta haddace maganin.

Muka aro sikelin mai shinkafa,
muka rataye su a buhu ɗaya bayan ɗaya,
kowa da nauyinsa, kowa da awonsa,
sirinji can bayan harshe.
Ta ɗebi kashi a leda, ta rubuta sunana a kai.

Yanzu ba na buɗe garke
sai rana ta shanye raɓa.
Filin wayoyi na bar wa shanun Jauro,
mun koma bayan firamare.
Sallau ya ce tsufa ya sa min tsoro.

Kowace safiya nakan durƙusa, gwiwa na ƙara,
in bi goma sha shidan da suka rage.
Shekara talatin a Legas
ina kauce wa mai jan ido.
Yau shi nake nema.