Tsagar Bango

Ban buɗe wa kowa ƙofa ba.
Farashin taki na shiga dubawa
a shagona na Ƙofar Ƙwaya, bayan la'asar,
janareta na tari, shayi na hucewa.

Hoton buhu kawai na gani.
Ashe cikin ɗinkinsa
wani ya cusa umarni,
kwamfutata ta rusuna ta ce to,
kamar baran da ya manta muryar maigidansa.

Kibiya ta motsa a allo, hannuna na kan cinya.
Takardun filin Inna Saude,
lissafin adashen 'yan layinmu,
suka bi iska
zuwa garin da ban san sunansa ba.

Tanimu mai gyara ya ce,
"Ba kai ka tsaga bangon ba, Mamuda,
haka magina suka bar shi.
Amma ai sun aiko da yaɓe."

Na tuna. Sau uku saƙon sabuntawa ya zo,
sau uku na danna sai anjima,
ina tsimin data.

Ƙadangare ba ya sallama.
Ga Inna Saude a bakin shago,
tana tambaya ko an gama buga mata.